Itacen Inna da lissafin hunturu

Tun kafin a gama ɗauke dawa daga gona, da zarar iskar gabas ta fara kaɗawa kuma ƙafa ta fara kaushi, ƙanena da ke zaune a gida Gafasa yakan kira ni a waya. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, maganar ba ta sauyawa: "Yaya, sanyi ya kusa, kuma itacen Inna ya yi ƙasa." Ni ne ɗan fari, saboda haka wannan nauyi a wuyana yake tun rasuwar mahaifinmu. Shekarun baya nakan aika kuɗin ba tare da na tsaya lissafi ba. Yanzu sai na zauna da biro da takarda, domin abin da nake aikawa a hunturu ɗaya ya ninka har ya sake ninkawa, albashina na malamin makaranta kuwa bai bi sahu ba, kuma tarin itacen da ake saukewa a ƙofar gida kullum ƙanƙancewa yake yi.

Mutanen kudu da baƙi kan yi dariya idan Bakano ya yi kukan sanyi. A ganinsu ƙasar da rana ke dafa ƙwai a watan Afrilu ba ta da bakin yin ƙorafi. Wanda ya taɓa kwana a ƙauyen gabashin Kano a tsakiyar Janairu ya san gaskiyar lamarin. Akwai dararen da ma'aunin zafi ke sauka kusa da digiri 10, iska busasshiya na shigowa ta kowace kafa, kuma jikin tsoho ba ya riƙe ɗumi kamar na saurayi. Inna ta haura shekara 70. Ba ta iya alwalar asuba da ruwan randa a wannan lokaci, ba ta iya wanka sai da ruwan zafi, kuma gwiwoyinta ba sa barinta barci idan ɗakin ya yi sanyi. Wuta a wurinta magani ce kafin ta zama abin girki.

Lokacin da muke yara, ban taɓa ganin an sayi itace a gidanmu ba. Bayan girbi akan tara karan dawa da na gero a jingine bayan gida, mu yara mu tafi jeji mu sassaro sabara da geza da kalgo, mata su tsinto ƙirare. Idan Baba ya ga reshen marke ko na ɗorawa ya bushe, sai ya hau ya sare shi, amma bai taɓa kayar da bishiya mai rai a gonarsa ba, kuma gawo ko kallon gatari ba ya yi, domin kowa ya san amfanin da ke tsirowa a ƙarƙashinsa ya fi na sauran gona kyau. Lokaci ɗaya ne na san magidanci yana shiga ɗawainiyar itace da gaske, wato idan matarsa ta kusa haihuwa. Wankan jego na kwana 40 da tafasasshen ruwa safe da yamma yana cin gungume, kuma mutuncin miji a idon surukansa yana rataye da tsayin tarin itacen da ya tanada. A ɗakin kakarmu kuma akwai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi. Da almuru a zuba garwashi kaɗan a ciki, ƙasar ta sha zafi, ta yi ta sakinsa a hankali har asuba, mu jikoki muna rububin kwanciya a gefenta.

Dangantakar ƙasarmu da wuta ma ta girmi kakanninmu. Tarihin baka da aka rubuta ya nuna cewa maƙeran Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, su ne suka fara zama a gindin Dala suna neman tama. Ba a narka tama sai da gawayi mai ƙarfi, kuma har yau maƙeri zai gaya maka babu kamar gawayin ƙirya. Ke nan tun kafuwar Kano mutanen wannan yanki ke juya bishiya ta koma wuta, wuta ta koma arziki. Abin da ya sauya shi ne yawan bakunan da ke jiran wutar, da nisan da itacen ke tafiya kafin ya iso murhu.

Na daɗe ina ɗora laifin tsadar itace a kan manomi, ina cewa mutanen ƙauye sun cinye dajinsu. Daga baya na ci karo da wani bincike da masana irin su Michael Mortimore suka yi a kan itacen girki a Kano, wanda Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 1990. Abin da suka gano ya ba ni kunya. Manoman da ke kewaye da birni suna riƙe da bishiyoyin gonakinsu da kyau, suna sassabe reshe su bar uwa, yayin da itacen da birni ke ƙonawa yake ƙara fitowa daga dazuzzuka masu nisa a cikin manyan motoci. Wato dabarar da na ga Baba yana yi dabara ce ta al'umma gaba ɗaya, kuma babban mai cin daji shi ne birnin da nake zaune a ciki.

Idan itace a mota yake zuwa, to farashinsa ɗaure yake da farashin mai. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuma a watan da ya biyo baya aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kuɗin mota ya tashi, kuɗin mai faskare ya tashi, domin shi ma da kuɗin yake sayen hatsi. Gas ɗin girki, wanda ake auna farashinsa da na kasuwar duniya, ya yi tashin gwauron zabo. Kananzir kuwa tuni ya fi fetur tsada, risho ya koma kayan tarihi a gidaje da yawa. Sai matan birni, har da na gidajen ma'aikata, suka ajiye tukunyar gas suka koma gawayi. Shi kuma gawayi, yadda ake ƙona shi a rami a rufe da ƙasa, sai an ci kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a samu kilo ɗaya. Duk buhun da ya shiga Kano ya bar gurbin bishiya a wani wuri, kuma dillalin da ke biyan farashin birni ba zai sayar wa Inna da farashin ƙauye ba. Karan da muke ɗiba kyauta a da, yanzu mai kiwo na sayensa, mai danga na sayensa, har dami ake yi masa a kai kasuwa. Haka tsohuwa a Gafasa ta wayi gari tana takarar itace da mai gidan burodi da mai tsire da uwargida a Kano, kuma ita ce mafi ƙarancin kuɗi a cikinsu.

Wannan duk laifin zamani ne. Akwai kuma nawa laifin, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Shekaru kaɗan da suka wuce, da na samu wasu 'yan kuɗaɗen bashin albashi, na yanke shawarar fitar da Inna daga tsohon soronta na ƙasa. Na gina mata ɗaki na bulo da siminti, na rufa kwano, na sa taga ta ƙarfe da ƙofa mai rufuwa ruf. Kuɗin silin ne bai isa ba, na ce sai wani jiƙon. Ranar da ta tare, 'yan uwa suka yi ta sa mini albarka, ni ma na ji na zama ɗa. Inna, da yake ba ta kiran sunana saboda kunyar ɗan fari, cewa ta yi: "Allah Ya yi wa Malam albarka, Ya ba shi masu yi masa." Ba ta ƙara komai ba. Sai daga baya na fahimci abin da ta haɗiye. Katangar soro mai kauri tana shan zafin rana da yini, ta sake shi da dare, rufin azara da ƙasa kuma ba ya barin ɗumi ya tsere. Kwano kuwa da bazara tanda ne, da hunturu kuma ƙanƙara. Na fitar da ita daga ɗakin da ke ɗumama kansa, na sa ta a wanda sai an hura masa wuta kowane dare, a daidai lokacin da wuta ke neman gagarar talaka.

Da itace ya yi tsada, kuma hayaƙinsa na baƙanta sabon fenti, sai aka koma sa mata gawayi a kasko. A wani dare na Janairun 2024 da sanyi ya tsananta, jikarta 'yar shekara 9 da ke kwana tare da ita ta cika kaskon, ta turo ƙofa, ta toshe ƙasan ƙofar da tsumma don kada iska ta shigo. Da asuba ƙanena ya ji shiru, ba motsin buta, ba tasbihi. Ya ƙwanƙwasa ba amsa, sai ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar. Ya tarar da yarinyar ta yi amai tana nishi, Inna kuma idonta biyu amma ba ta iya ɗaga hannu. Aka fito da su tsakar gida. Maƙwabta suka taru, wasu na cewa iska ce ta taɓa su, a nemo mai ruƙiyya. Allah Ya sa ƙanena ya dage a kan a tafi asibiti. Ma'aikacin lafiyar da ya duba su, da ya ji labarin kaskon, ya ce: "Gaskiyarsu, iska ce. Amma ta gawayi."

Ina Kano aka kira ni. Tafiyar da na yi a ranar, daga Wudil zuwa Gaya zuwa gida, ban taɓa yin mai tsawonta ba. Dukansu sun tashi, alhamdu lillahi, sai dai Inna ta yi makonni tana fama da ciwon kai. Abin da na koya a ranar ya kamata kowane gida ya sani. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle mutum ya farga. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai jiki ya rasa abin rayuwa alhali mutum na numfashi. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da mutuwar jiki, mai barci kuwa yakan wuce daga barcin ba tare da ya farka ba. Hayaƙin itace, duk da illarsa, yana kore ka daga ɗaki. Gawayi lallashinka yake yi ka kwanta. Tsohon ɗakin kakarmu yana da kafofi ta ko'ina, labulen asabari ne a ƙofarsa, garwashin kuma kaɗan ne da ya riga ya gama ci. Ɗakin da na gina ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A makonnin da nake jinya da nadama ne na yi doguwar hira ta waya da wani abokina da muka yi Jami'ar Bayero tare, wanda yanzu yake aiki a Jamus. Na zaci zai yi mamakin labarina, sai ya ce su ma sun sha tasu wahalar wutar. A can gidaje da yawa suna ɗumama ɗaki da wasu 'yan ƙananan curi da ake matsewa daga garin katako, ana zuba su a tanderu mai sarrafa kansa. Ya ce in tuna murhun Abacha na zamanin ƙarancin kananzir a shekarun 1990, wanda ake danƙara wa garin katako. To shi ne aka yi wa gata. An tallata musu curin a matsayin makamashi mai araha, mutane suka kashe kuɗi suka sauya tanderu. Da Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022, gas ya yi tsada, Tarayyar Turai ta hana shigo da katako daga Rasha, kowa ya ruga neman curin a lokaci ɗaya, farashinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara guda. Na ce masa ai wannan labarin gawayin Kano ne aka sa wa kwat.

Mafitar da gwamnatocinsu ke turawa ita ce wata na'ura da zan kira mai jan zafi. Bayaninta ba wuya. Duk wanda ya taɓa bayan firji ya ji ɗumi. Firji zafin da ke cikinsa yake kwashewa ya zubar a waje. Ita wannan na'ura firji ce da aka juya: tana tsamo ɗan zafin da ke cikin iskar waje ko cikin ƙasa, ko da ana sanyi, ta matse shi ya ƙaru, ta zuba shi a cikin gida. Da yake ɗauko zafi take yi daga wani wuri, awo ɗaya na lantarki kan ba da awo 3 zuwa 4 na ɗumi. A 2022 an sayar da kusan miliyan 3 a Turai. A 2024 gwamnatin Jamus ta riƙa biya wa wasu gidaje har kashi 70 cikin 100 na kuɗin kafa ta. Duk da haka, a 2024 cinikinta a Jamus ya faɗi da kusan rabi, bayan gas ya sauko kuma mutane sun rikice da sauye-sauyen doka. Abokina ya ƙara da cewa mai gidan da yake haya bai kafa ba har yau, domin kuɗin farko dubban Yuro ne, kuma masana sun gaya masa sai ya fara gyara katanga da tagogi yadda ɗumi ba zai tsere ba, in ba haka ba lantarkin zai cinye ribar.

Ban kawo wannan don in ce a kai wa Inna na'urar Jamus ba. Na'ura ce mai son lantarki tsayayye, mu kuwa a ƙauye wuta baƙuwa ce, ta leƙo yau a yi kwanaki ba a gan ta ba. A birni ma, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana an ɗaga musu farashi zuwa Naira 225 kowane awo a Afrilun 2024. Sanyinmu kuma na wata biyu zuwa uku ne, bai kai a kashe dukiya irin wannan ba. Amma na tashi daga hirar da abubuwa biyu da suka zauna mini daram. Na farko, abin da ke da araha a tsawon lokaci kusan kullum yana da tsada a ranar farko, shi ya sa mai hali ke tserewa tsada, talaka kuma ya dawwama yana sayen ƙullin itace na yau da na gobe, ya biya fiye da kowa. Na biyu, kafin ka tambayi abin da za ka ƙona, ka fara tambayar ina ɗumin yake zurarewa. Bajamushen da aka ce ya gyara katanga da ni da na rufa kwano babu silin, jarrabawa ɗaya muka faɗi.

Na riga na taɓa gwada hanyar mai kuɗi. A 2021, shekarar da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da abin da aka kira shekaru goma na gas, na saya wa Inna ƙaramar tukunyar gas. Ta yi amfani da ita sau biyu ko uku. Tana tsoron ta, cika ta sai an ɗora a babur an fita gari, kuma kafin shekara ta zagayo kuɗin cikawar ya wuce abin da aka saba. Da na yi mata ƙorafi, sai ta ce: "Malam, ita wannan aba tana dafa ruwa, ban musa ba. Amma wa ya taɓa jin ɗumin ta? Wa ya taɓa zama a gefenta ya yi hira?" Yau tukunyar tana ƙarƙashin gado an ɗora mata kwanuka. Na sayo abin da ya burge ni ne, ban tambayi abin da take buƙata ba.

Bayan abin da ya faru, na zauna na tambaye ta. Amsarta gajeriya ce: a mayar da ita soronta. Na ji nauyi, domin mutane za su ce ɗanta ya gaza. Ta ce mutane ba su ne za su kwana a ciki ba. Muka yi wa soron yaɓe, aka gyara indararo, aka fasa ƙaramar taga a sama wadda ba a toshewa ko da wane irin sanyi ake yi. Sabon ɗakin na sa masa silin, ƙanena ya koma ciki da iyalinsa. Aka kafa doka a gidan: wuta ba ta kwana a ɗaki. A ɗumama ɗakin da almuru ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Na sayo barguna biyu masu kauri da safa da hular sanyi, kuma kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na itacen wata ɗaya ba. Na sayo babban filas, a cika shi da ragowar wutar tuwon dare, ruwan ya kai asuba da zafinsa, an huta hura wutar alwala. Jarka biyu muka shafa wa baƙin fenti, a cika su da safe a ajiye a rana inda iska ba ta bugu. Ko da hazo, zuwa la'asar ruwan ya kashe sanyi, itace kaɗan zai ƙarasa shi na wanka.

Sai murhu. Murhun duwatsu uku da muka gada yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska, abin da ke isa tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Akwai murhunan zamani da ke killace wuta, har akwai wanda ake kira Save80 da wata ƙungiyar Jamus mai suna atmosfair ke ƙerawa a Kano, wanda masu shi ke cewa yana rage cin itace da kashi 80 cikin 100. Mu dai na ƙasa muka fara ginawa, mai baki ɗaya da mazaunin tukunya daidai da ita, matar ƙanena ce ma ta gina shi da yumɓu da kashin jaki. Ba zan ba da adadin da ban auna ba, amma itacen da ke ƙarewa kafin kasuwa ta zagayo yanzu yana kaiwa wata kasuwar, kuma tarin da matan gidan ke yi ya ragu. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, mafi yawan masu shaƙarsa kuwa mata ne da yaran da ke goye.

Abu na ƙarshe shi ne wanda zai fi daɗewa kafin ya biya. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, manoma tare da wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo suka farfaɗo da wata dabara da suke kira sassabin zamani. Maimakon a sassabe duk tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a ƙone, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su, a rage sauran, a kare su daga dabbobi. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, don haka tana girma fiye da dashe. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya bishiyoyi kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Mutanen nan Hausawa ne irinmu, ruwan samansu ma bai kai namu ba. A gonar da Baba ya bari mun ƙirga kututture masu toho, mun bar 23. Ƙanena ya yi gunaguni cewa za su hana garmar shanu juyawa, muka yi yarjejeniya a bar na kan iyaka da na jeri ɗaya a tsakiya. Bana an fara samun ƙirare daga sassabensu.

Duk wannan ƙoƙarin gida ɗaya ne mai ɗa ma'aikaci. Gidan da ba shi da mai aikowa fa? Nan ne hukuma ke da aiki. Kano na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ya shafa, an kafa masa hukuma ta ƙasa tun 2015, kuma a 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta. Takardu sun wadata. Abin da ban gani a Gafasa ba shi ne hanyar da bazawara za ta karɓi ingantaccen murhu ta riƙa biya kaɗan kaɗan, kamar yadda mata ke zubin adashi, alhali kuɗin farkon nan shi ne katangar da ta tsaya tsakaninta da sauƙi. Hana sare bishiya da doka kawai, ba tare da an ba mutane abin da za su hura ba, ƙara wa itace tsada zai yi, ya kuma buɗe ƙofar cin hanci a kan hanya. Ga ɓuntun shinkafa tuli a bayan injinan casa na Kura da kewayen Kano, ga ɓawon gyaɗa, ga garin katako. Ana iya matse su su zama curin da zai maye gurbin gawayi, matasa su samu sana'a. Ƙananan hukumomin Ajingi da Gaya za su iya fara gwaji da mazaɓa ɗaya. Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo: daga watan Nuwamba limamai a huɗuba, gidajen rediyo, malaman makaranta da masu unguwanni su riƙa maimaita cewa ba a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, kuma wanda aka tarar ya galabaita a fito da shi sarari a garzaya asibiti. Jami'an kashe gobara suna gargaɗi a kan wuta duk shekara, amma wannan gubar ba ta tashin gobara, shi ya sa ba a cika jin labarinta ba.

Ga 'yan uwana ma'aikata da 'yan kasuwa da ke gina wa iyaye ɗaki a ƙauye, niyyarku mai kyau ce, Allah Ya ba da lada. Amma kafin ku rushe soro ku tambayi mai kwana a ciki. In kun rufa kwano, ku sa silin kafin fenti, ku bar kafar iska a sama. Ɗalibanmu masu karatun gine-gine da injiniya su ma su dubi ginin ƙasa da idon ilimi, domin akwai lissafi a cikin kaurin katangar nan da magina suka gada, ko da ba su rubuta shi ba.

Makon jiya na je gida. Bayan sallar isha'i na tarar da Inna a ƙofar soronta, an sa 'yan ƙirare a kasko a tsakar gida, jikoki sun kewaye ta, wadda suka kwanta asibiti tare tana gasa gyaɗa a toka. Muka yi hira har wutar ta zama garwashi. Da ta tashi shiga, sai ta dubi yarinyar ta ce a kashe, ba a shiga da ita. Yarinyar ta yayyafa ruwa, ta kife kaskon a gindin katanga. Inna ta ɗauki filas ɗinta ta shige, ni kuma na tsaya na ɗaga fitilar waya na tabbatar tagar sama a buɗe take, sannan na tafi na kwanta.

Allah Ya raba mu da sharrin wuta, ta duniya da ta lahira, Ya ba mu ikon kula da iyayenmu yadda ya dace.